Daga Kurmi Zuwa Hamada: Shin Kowa Da Wurin Da Aka Keɓe Masa?

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin jama'a duk sa'ad da rikici ya tashi tsakanin manomi da makiyayi, ko tsakanin wanda ake kira ɗan ƙasa da wanda ake kira baƙo. Sai a ji mutum ya ce, ai kowa da inda Allah Ya ajiye shi: raƙumi ba ya zama a kurmi, kwakwa ba ta tsira a Agadas, kifi kuwa in ya bar ruwa kwanansa ya ƙare, saboda haka kowa ya koma inda ya fito a huta. Maganar tana da daɗin ji, tana kuma da kama da hikima, gama an jingina ta ga abin da ido yake gani a daji. Amma da yake da ita ake korar mutane, da ita ake ƙone rugage da ƙauyuka, ya wajaba a ɗora ta bisa ma'auni. Abu na farko da za a tambaya shi ne, shin haka dajin yake da gaske? Sa'an nan, in ma haka yake, shin ya halatta a ciro hukuncin ɗan Adam daga halin itace da dabba?

Wanda ya taso daga bakin teku, inda Kogin Kwara ya rarrabu ya shiga ruwan gishiri, ya miƙe arewa bai tsaya ba sai Bilma, iyakar hukuma ɗaya tak zai ƙetare, amma zai ratsa ƙasashen itatuwa masu yawa. A bakin tekun ruwan sama yakan haura milimita 2,500 a shekara, kuma da ƙyar a sami wata uku a jere ba a ga hadari ba. Itatuwan da ke wurin a cikin laka da ruwan gishiri suke tsaye, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Daga nan sai kurmi mai duhu, mahaifar loko da kwakwa da goro, inda rana ba ta sauka ƙasa sai a ɓoye. In aka matsa gaba, wajen Kwara da Binuwai, kurmin ya soma yagewa, ciyawa ta fi tsawon mutum, ga maje, ga kirya, ga kaɗanya da ɗorawa. A ƙasar Zazzau da Birnin Gwari doka ce take sarauta, har mutum ya yi tafiyar yini yana cikinta. Kano kuwa, inda ruwan shekara yake wajen milimita 800 a cikin wata huɗu zuwa biyar, ƙasar kuka ce da tsamiya da kanya da marke, da gawo a tsakiyar gonaki. Da an wuce Daura an doshi Damagaram, inda ruwan ya ragu zuwa wajen milimita 400, sai ganye ya ƙanƙance, ƙaya ta yawaita: aduwa, magarya, dakwara, sabara a kan jigawa, goriba a cikin kwari, ƙarangiya kuwa tana bin kowane wando. A Agadas ruwan ba ya kai milimita 200. A Bilma kuwa shekara takan wuce bai kai 25 ba, dabinon da ke wurin ruwan ƙarƙashin ƙasa yake sha.

Dabbobi da amfanin gona su ma haka suke bin wannan tsani. Doya da rogo a kudu, dawa a tsakiya, gero a arewa, daga nan sai inda ba a shuka kome sai a bakin rijiya. Shanun Muturu, gajeru marasa tozo, suna zaune a ƙasar ƙudan tsando ba tare da sammore ya kashe su ba. Bunaji da Rahaji da Bokoloji su ne na tsakiya, shanun Azawak da raƙuma na can sama, shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni kuwa na tsibiran Tafkin Cadi, iyo suke yi daga wannan tsibiri zuwa wancan.

To, har zuwa nan mai waccan magana yana da gaskiya. Lalle kowace halitta tana da iyakar abin da take iya jurewa, kuma ba a samun kwakwa a Agadas. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne ga mai lura. Faffaɗan ganyen itacen kurmi yana kama ɗan hasken da ya ratso duhu, amma kuma ta wannan faɗin ne ruwa yake fita, don haka wata shida na rani sun isa su kashe shi. Ƙaramin ganyen bagaruwa yana tattalin ruwa, ƙayarta tana kare ta daga bakin akuya, amma in aka dasa ta a kurmi manyan itatuwa za su rufe ta da inuwa. Kuka tana ajiye ruwa a jikinta ta zubar da ganye ta jira. Gawo kuwa nasa hali dabam ne da na kowa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, saiwarsa tana can ƙasa inda ruwa yake, shi ya sa manomi yake barinsa a gona, gama ba ya hana gero rana, kuma ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabba ne a lokacin da babu kome. Ba ruwan sama kaɗai ne mai hukunci ba, wuta ma tana da nata. Itacen kurmi ɓawonsa siriri ne, gobara ɗaya ta ishe shi, amma kaɗanya ɓawonta kamar bayan kada, doka kuwa ko an ƙone ta ƙurmus sai ta sake tohowa daga saiwa. A shekarar 1929 ma'aikatan gandun daji suka keɓe waɗansu filaye a Olokemeji, a ƙasar Yarabawa, waɗansu ana ƙone su kowace shekara, wani kuwa aka hana wuta shiga. Da aka duba bayan shekara 28, filin da aka kare ya soma komawa kurmi, wanda ake ƙonewa a tsakiyar rani kuwa yana nan ciyawa da itatuwa masu jure wuta, alhali ruwa ɗaya suke sha, ƙasa ɗaya suke kai.

Abin da ya kamata a riƙe daga wannan tun yanzu shi ne, a tsanin nan babu sama babu ƙasa ta fuskar daraja. Muturu ba ta da nono mai yawa, ba ta iya doguwar tafiya, amma tana kiwo lafiya inda Bunaji za ta rame ta faɗi. Dabino ya fi anza zaƙi nesa ba kusa ba, amma a shekarun yunwa anza ce, mai ɗacin nan da sai an jiƙa ta kwanaki kafin a ci, ta riƙe rayukan talakawa a ƙasar Nijar. Aya ta 4 a cikin Suratur Ra'adi ta ja hankalin masu hankali ga yankunan ƙasa da suke maƙwabtaka da juna, ruwa ɗaya yake shayar da su, amma amfaninsu ya sha bamban wajen ci. Wannan kuwa manomin kowane ƙauye ya san shi ba sai ya je Bilma ba. Daga tudu zuwa fadama tafiyar minti goma ce, amma a kan jigawa gero ne da sabara, a gangare dawa ce da kalgo, a ƙasa inda laka take sai shinkafa da rake da giginya. Wani masanin ƙasar noma, Geoffrey Milne, ya bayyana wannan jerin a Tanganyika a 1935, ya ba shi suna da Latin mai ma'anar sarƙa, domin kowane ɗangon ƙasa yana karɓar ruwa da laka daga wanda ke bisansa. Dutse ma haka: a tsaunin Kamaru, mai tsawon fiye da mita 4,000, mai hawa yakan bar kurmi a gindi ya tarar da gajeriyar ciyawa da sanyi a ƙoli, a cikin kwana biyu ya ga abin da sai an yi tafiyar wata da watanni ake ganinsa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Inda maganar ta fara tangaɗi shi ne wajen iyaka. Ɗan makaranta ya saba ganin taswirar Nijeriya an rina ta launi-launi, kore a kudu, rawaya a tsakiya, ja-ja a arewa, da layi baƙi tsakanin kowane biyu. Masanin tsirrai Bafaranshe, Auguste Chevalier, shi ne ya raba Afirka ta Yamma zuwa yankunan Gini da Sudan da Sahel a 1900, sa'an nan R. W. J. Keay ya tsara na Nijeriya a 1949. Aikinsu yana da amfani ƙwarai, gama ba a iya koyar da abu sai an sa masa suna. Amma babu wanda ya taɓa cin karo da baƙin layin nan a daji. Mai tafiya a mota, wanda ya yi barci a Lokoja ya farka a Zariya, shi ne yake zaton an sauya masa ƙasa farat ɗaya. Fataken da suka bi hanyar da ƙafa da jakuna sun fi shi sani: kaɗanya ba ta tsayawa inda doka ta tsaya, ɗorawa tana wuce su duka biyu, kuka kuwa ta riga ta bayyana tun kaɗanya ba ta ƙare ba, kuma tana nan har bayan aduwa ta shigo. Kwakwa da tukurwa suna bin bakin rafi su kutsa can cikin kudancin Kaduna, inda taswira ta ce babu su. Dabino yana 'ya'ya a Dutse ta Jigawa, nesa da Hamada. A duwatsun Bagzan na ƙasar Azbin, waɗanda suka haura mita 2,000, akwai zaitun na daji, ɗan uwan wanda ke bakin Bahar Rum.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan al'amari, kuma jayayyar tasu ta shafi tambayar da ke gaban mai karatu kai tsaye. A 1916 wani Ba'amurke, Frederic Clements, ya ce tarin itatuwa da ciyayin da ke zaune wuri ɗaya kamar jiki guda suke: ana haifarsa, yana girma, yana balaga, kuma gaɓoɓinsa ba su rabuwa. Bisa ga wannan ra'ayi dajin doka al'umma ce mai iyaka, wanda ke ciki ɗan gida ne, wanda ke waje bare ne. Bayan shekara goma, a 1926, Henry Gleason ya ce a'a: kowane iri yana bin buƙatar kansa ne, da inda iska ko tsuntsu ya kai ƙwayarsa, haɗuwar da ake gani kuwa ta faru ne domin buƙatunsu sun zo ɗaya a wannan wuri. Ba a saurare shi ba, har ya bar fannin ya koma wani. Sai a 1956 Robert Whittaker ya buga sakamakon ƙidayar da ya yi a waɗansu duwatsu na gabashin Amurka, inda ya bi gangare daga gindi zuwa ƙoli, daga wuri mai laima zuwa busasshe, yana ƙirga itatuwa iri-iri. Ya tarar kowane iri yana da inda ya fi yawa, daga nan ya riƙa raguwa sannu a hankali ta kowane gefe, kuma da wuya a sami iri biyu da suka fara tare suka ƙare tare. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan tun kafin a haifi Gleason, da ya ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Sai dai adalci ya sa a ce Clements bai ɓata gaba ɗaya ba. Akwai wuraren da iyaka take da kaifi, kamar bakin kurmi inda wutar daji take mutuwa, mutum ya taka ƙafa goma ya fita daga ciyawa ya shiga duhu. Akwai kuma halittun da suka rataya ga juna. Furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa, jemagu ne suke kai garin furen daga wannan itace zuwa wancan, don haka garin da ya ƙare jemagunsa kada ya yi mamaki in kalwa ta yi tsada. Ɓaure ba ya ƙwaya sai wani ɗan mitsitsin ƙwaro ya shiga cikin ɗansa. Watau zomo ba bawan giwa ba ne, amma hanyar da giwa ta buɗe zomo yana bi.

Daɗin daɗawa, tsanin nan ba a kafe yake ba, tafiya yake yi. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai wajen shekara 8,000, an sassaƙa shi daga itace dangin maɗaci. A Gobero, cikin Hamadar Tenere, masu binciken da suka isa wurin a shekarar 2000 sun tarar da kaburburan mutane tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, a wurin da yau babu kome sai rairayi. A Dabus, arewa da Agadas, akwai siffar raƙumin dawa an sassaƙa ta a jikin dutse, tsawonta ya fi na mutum uku. Wanda ya sassaƙa ta abin da yake gani kullum ya zana. Ba sai an koma can nesa ba ma. Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, amma bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 buɗaɗɗen ruwansa ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wancan, kafin daga baya ya ɗan farfaɗo. A shekarun nan layukan ruwan sama sun zame kudu fiye da kilomita 100, ɗorawa da kaɗanya da kanya suka mutu a tsaye a gefen arewa na mazauninsu, ƙaya ta gaje su. Sa'an nan daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka shiga renon tohon da ke fitowa daga kututture maimakon sare shi, har aka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5. A can Amurka ta Kudu, Alexander von Humboldt ya hau tsaunin Cimborazo a 1802 ya rubuta inda kowane tsiro ya tsaya. Masu binciken da suka bi sawunsa a 2012 sun tarar iyakar tsirran ta hau sama da wajen mita 500, saboda duniya ta ƙara ɗumi.

To, in an ce kowa ya koma inda aka ajiye shi, ajiyar wace shekara ake nufi? Ta zamanin da dorina take wanka a Tenere, ko ta 1963, ko ta 1984? Makiyayin da kakansa yake tsayawa a ƙasar Katsina da rani, shi kuwa ya sauka har Binuwai, abin da ciyawar ta yi shi ya yi, gama ita ta fara sauka. Ƙudan tsandon da ke tsare shi a da ya ragu, domin manoma sun sare dajin da ƙudan yake fakewa, hukuma kuma ta yi feshi, maganin sammore ya samu a kasuwa. Watau hannun da ya buɗe masa ƙofar kudu har da na manomin da yake kuka da zuwansa.

Wannan ke nan game da tambaya ta farko. Ta biyu ta fi nauyi. A ɗauka cewa iyakokin daji a kafe suke, masu kaifi kamar wuƙa. Ko da haka ne, daga ina aka samo izinin auna mutum da ma'aunin kwakwa? Kwakwa ba ta haƙa rijiya, ba ta ɗinka riga, ba ta koyon harshen maƙwabcinta. Ɗan Adam kuwa ana samunsa a kowane mataki na tsanin nan, daga laka zuwa rairayi, kuma bambancin matakan shi ne ya sa shi tafiya tun fil azal. Da goro yana tsira a Kano, da babu Bahaushen da zai je Gwanja, da ba a kafa zangon Salaga ba. Da gishiri yana fita a kowane ƙauye, da ayarin Abzinawa bai ratsa Tenere zuwa Bilma kowace kaka ya dawo da kantu ya musanya da gero ba. Kano da Katsina sun yi girma ne domin suna zaune a tsakiya, inda mai raƙumi yake sauke kaya mai jaki ya ɗauka.

An daɗe ana faɗawa cikin wannan rami na auna mutum da yanayin ƙasarsa, har manyan malamai ba su tsira ba. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa ta shekarar 1377 Miladiyya, ya bi masanan da suka gabace shi wajen raba duniya yankuna bakwai daga kudu zuwa arewa, ya fifita mutanen yankunan tsakiya, ya faɗi maganganu marasa daɗi game da mutanen can kudu da na can arewa, waɗanda yawancinsu labarinsu kawai ya ji. Amma a wuri guda ya yi abin yabo, gama ya ƙaryata masu cewa baƙar fata la'ana ce da aka gada daga Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya ce zafin rana ne sanadinta. Da wannan hujja Ahmad Baba na Tambutu ya kafa a 1615, sa'ad da mutanen Tuwat suka aiko masa da tambaya game da bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. Ya amsa musu cewa launi ba dalilin bauta ba ne, ya lissafa Kano da Katsina da Barno da Sanwai a cikin ƙasashen da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Mutanen da a yau suke cewa wane ba ɗan nan ba ne, ya kyautu su tuna kakanninsu sun taɓa zama abin tambaya, ana neman a yanke musu hukunci da layin da suka fito a taswira.

Hatta a cikin itatuwan ma maganar ɗan ƙasa da baƙo ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Itacen da Kanawa suke kira darbejiya, waɗansu su ce dogon yaro ko maina ko bedi, daga Indiya ya fito, kuma wajen 1928 aka fara dasa shi a Barno. Yau babu makarantar allo ko kasuwar ƙauye da ba ta sha inuwarsa. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Dalar gyaɗar da Kano ta yi alfahari da ita, da baƙuwa aka gina ta, gujiya 'yar gida tana gefe tana kallo. Ciyawar kacalla kuwa, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ta hana masunta da manoman shinkafa sakat, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki, ba daga ƙetaren teku aka kawo ta ba, Afirka ta san ta tun da daɗewa. Abin da ya faru shi ne, bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, magudanun da suke ƙafewa da rani suka koma riƙe ruwa duk shekara, ambaliyar damina mai wanke su kuma ta ragu. Sharaɗin wurin ne ya sauya, sai 'yar gida ta zama annoba.

Wannan ba ya nufin kukan manomi banza ne. Wanda ya kwana wata biyar yana noma, garke ya shiga masa cikin dare ɗaya ya cinye, an zalunce shi, ko da mai garken a bayan gidansa aka haife shi. Abin da ake cewa shi ne, abin tuhuma ɓarnar ce, kuma ita malaman shari'a suka duba. Suratul Anbiya ta ambaci shari'ar da aka kawo gaban Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, game da tumakin da suka shiga gona da dare. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hukuncin da aka yanke sa'ad da taguwar Bara'u ɗan Azibu ta yi ɓarna a wata gona, inda aka ɗora tsaron gona da rana a kan mai ita, biyan ɓarnar dare kuwa a kan mai dabba. A nan ne kuma aka ruwaito umurnin da Sayyidina Umar ya ba mai tsaron makiyayar da ya keɓe, cewa ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya yi hattara da garken attajirai, domin attajiri in dabbobinsa sun hallaka yana da gonar dabino da zai koma, talaka kuwa sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba. A cikin hukunce-hukuncen nan duka an tambayi lokaci, an tambayi buƙata, an tambayi wanda ya yi sakaci, amma ba a tambayi garin da aka haifi kowa ba. Hurumi da burtali da mashaya da aka sani a ƙasar Hausa a kan irin wannan tunani aka kafa su.

Hukumomin zamani sun gwada jan layi. A 1961 Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar da ta sa iyakar noma ta arewa, aka ce daga nan zuwa sama ƙasar kiwo ce. Yawan jama'a da ƙarancin gona suka tura manoma suka tsallake ta, a shekarun da ruwa ya yi kyau suka yi nisa, kuma ba su dawo ba da ya ja baya. Gwamnatin Jihar Arewa ta Nijeriya ta yi dokar keɓe makiyayai a 1965, amma kaɗan daga cikinsu ne aka tabbatar a hukumance, da yawa kuma gonaki da gine-gine suka cinye. A 2017 Jihar Binuwai ta hana kiwon sake gaba ɗaya. Nijar kuwa a 2010 ta bi wata hanya, ta rubuta a cikin dokarta cewa yawo haƙƙi ne na makiyayi.

Akwai kuma wata iyaka a Nijar wadda ba a taswira take ba, a kalanda take, watau ranar sakin gonaki. Kowace shekara hukumar jiha takan shawarci sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya, ta duba yadda kaka ta kasance, sa'an nan ta sa ranar da dabbobi za su shiga su ci kara su bar taki. Kafin ranar mai dabba ne yake biyan ɓarna, bayanta kuwa wanda ya bar amfaninsa a fili shi ya jawo wa kansa. Wuyar al'amarin ita ce, tafkunan arewa ba su san ranar ba. A shekarar da damina ta ɗauke da wuri sukan ƙafe tun wake da dawa suna tsaye a gonakin kudu, garke kuwa ba ya kwana uku babu ruwa, dole ya gangaro ta burtalin da wataƙila an riga an nome shi. A irin wannan tsakani ne, a ƙarshen watan Oktoba na 1991, aka kashe mutum fiye da 100 a Toda, cikin jihar Maraɗi, yawancinsu mata da yara na Fulani. Rijiyoyin kiwo a arewa da za su riƙe dabbobi ƙarin mako uku ko huɗu, da burtali mai alamar siminti wanda kowa ya san faɗinsa, su ne abin da kwamitocin filaye, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta kafa, suka fi shan wahala a kansu.